Umma Tana Neman Matar Cikin Littafi

Jama'a, duk wanda ya zagi sabon littafin marubuciya Uwar Alƙalami a 'yan kwanakin nan, ni dai na yafe masa. Gaskiya kuka faɗa, littafin bai yi ba. Na ga masu cewa an cuce su, na ga masu cewa tsufa ne ya kama ta, har da wata da ta ɗora hoton littafin a kicin ta yi masa mazaunin tukunya. Ban ce uffan ba a zauren masu karatu, ina nan ina kallonku a waya kamar ba na nan. Yau dai cikina ya cika, zan faɗa muku dalilin da ya sa duk zagin da kuka yi a jikina yake sauka.

Bari in fara daga gidanmu, saboda wanda bai san ni ba. Ni ce auta, kuma da Auta kowa ke kirana. Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yayana. Babanmu ya rasu tun ina firamare. Ina aiki a shagon yadi, ni ce mai awo da yanka, kullum da tef a wuya da almakashi a hannu. Yaya kuwa ya tafi neman aiki ƙetare shekaru da yawa da suka wuce, ta hanyar nan da samari ke bi ba takarda. Ya kira mu daga hanya yana dariya, yana cewa saura kaɗan, daga nan shiru. Ba gawa, ba labari. Mun yi cigiya har ƙafa ta gaji, har mutane suka daina tambayarmu.

Ranar da zai tafi ya bar wata riga shuɗiya mai dogon hannu a kan igiya saboda ba ta bushe ba. Ya ce, "Umma, ki ajiye min, in na dawo na saka." Tun daga ranar, kullum da safe sai Umma ta fito da rigar nan ta shanya a igiyar tsakar gida, da yamma ta kwashe. Ba wanki take mata ba, shanya kawai, wai kar ya dawo ya tarar tana warin akwati. In ta shanya sai ta ɗan bubbuga ta ta ce, "Sha iska, ubangidanki yana hanya." Maɓalli na biyu ya cire tun yana nan, ta hana a sa wani, wai shi ya san inda ya ajiye nasa. Rana ta cinye launin kafaɗun har sun koma fari-fari. In hadari ya taso, Umma kan tuna da rigar kafin ta tuna ko ina da lema. Ba mai magana a kai. Ko Goggo, ƙanwar babanmu, da bakinta ba shi da linzami, in ta shigo sunkuyawa take ta wuce ta ƙarƙashin igiyar kamar ba ta ga komai ba.

Idon Umma ya yi rauni. Likita ya ce ciwon suga ne, ni na ce kuka ne. Don haka ni ce idonta. Bayan la'asar in na dawo daga shago, sai ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta haɗa shayi a butarta mai lotsattsen murfi, ni kuma in ɗauko littafi. Kuma ba kowane littafi ba, sai na Uwar Alƙalami. Babu wanda ba mu karanta ba, wasu mun maimaita har bangon ya rabu. Umma faɗa take da mutanen cikin labari kamar suna jinta.

"Ke, kar ki yarda da shi, maƙaryaci ne! Auta, gaya mata!"

"Umma, ai ba ta jina."

"Karanta da ƙarfi mana."

A wannan zaman ne kaɗai nake jin dariyar uwata. Shi ya sa da marubuciyar ta yi shekaru ba ta fitar da komai ba, mu a gidanmu kamar an yi mana rashi na biyu.

Ana cikin haka Allah ya kawo wani saurayi. Ya zo shago sayen yadi, ya ga littafinta a buɗe kan kantar shago, ya leƙa ya ce, "Akwai kuskure a layi na ƙarshe, ni na bari ya wuce." Na kalle shi sama da ƙasa, na ce a raina ga wani ɗan iyayi ya zo. Ashe gaskiyarsa ce. Uwar Alƙalami innarsa ce, ƙanwar mahaifiyarsa, ita ta raine shi, kuma shi ke buga mata rubutu a kwamfuta ya gyara kafin a kai ɗab'i. Dogo ne, siriri, da tabarau, kullum da jan biro a aljihun gaba. Da Mai Jan Biro na ajiye lambarsa, har yau ban canza ba.

Ba shi da daɗin baki irin na samarin yanzu. Abin da ya iya shi ne sauraro, kuma shi ya kashe ni. Mutum ne da in kina magana zai yi shiru ya karkata kai, ki ji kamar duk duniya ba mai abin faɗa sai ke. Ranar da ya fara shigowa gaishe da Umma ya ga rigar a igiya. Sai da ya koma gida saƙo ya shigo.

"Rigar wa ce, Auta?"

Na daɗe ina kallon tambayar. Ban taɓa ba wani labarin nan ba, ko ƙawayena sun san ina da yaya ne kawai da ya yi tafiya. Na danna na fara saƙon murya. Na faɗi na maɓalli, na faɗi na hadari, na faɗi yadda take sunsunar wuyan rigar in ta ɗauka ba na kallo, har kalmar da take faɗa in ta shanya na kwaikwaya masa. Na yi kuka a ciki. Ya amsa da layi ɗaya: "Daga yau ba ke kaɗai ke ɗauke da shi ba." Ku gaya min, wace ce za ta ji haka ba ta faɗa ba?

Umma ta so shi tun kafin ya gama gaisuwa. Ɗan Uwar Alƙalami a tabarmarta! Goggo kuwa ta sa ni a gaba ba dare ba rana.

"Sa'anninki duk da goyo, ke kina nan kina auna wa amare yadi. Ga yaro mai hankali, mai sana'a, ɗan mutunci. Me kike jira, a saukar miki da wani daga sama?"

"Goggo, ai ban ce ba na so ba."

"To ki ce kina so da ƙarfi, kunnena ya tsufa."

Ba wanda ya tilasta ni, kar ku ce. Ina son sa. Har an tsayar cewa manyansa za su zo ƙarshen wata.

Sai littafi ya fito. Shi da kansa ya kawo wa Umma nata, a naɗe cikin leda mai ƙyalli, da sa hannun innarsa a shafin farko. Umma ta shafa bangon ta shafa, ta sa shi ƙarƙashin matashinta ta ce sai mun ƙarasa wanda muke kai, ba a barin baƙo a tsaye a tari wani. Ni ma na daure ban leƙa ba, don ban taɓa riga ta karanta littafin matar nan ba.

Zaure kuwa ya kama da wuta. Da farko ba na buɗewa, kar a ɓata min labari. Sai wata safiya abokiyar aikina, wadda muke kira 'Yar Rediyo saboda ba ta kashe baki, ta shigo ta wurga nata a kan kantar shago.

"Karɓi, na ba ki sadaka. Shekaru muna jira, a ƙarshe babi uku ana shanya riga!"

"Wace riga?"

"Wata tsohuwa ce ɗanta ya ɓata, ba ta da aiki sai shanya rigarsa. Shanya, kwashe, shanya, kwashe. Wallahi har na fara jin warin sabulu."

Almakashin hannuna ya faɗi. Na ce mata zan shiga sito in duba sabbin kaya. Can na zauna tsakanin bandiran yadi, a kan kwali, da fitilar waya, na buɗe littafin.

Jama'a, shuɗiya ce kawai aka mayar koriya. Ni kuma aka mayar da ni mai sayar da takalma. Sauran duka gidanmu ne. Igiyar, hadarin, maɓalli na biyu, goggon da ke sunkuyawa, butar shayi mai lotsattsen murfi. Har da "Sha iska, ubangidanki yana hanya," ba a canza ko harafi ba. Sai dai a littafin babu dariyar Umma, babu faɗanta da mutanen labari, babu yadda take tsokanata. An ɗauki kukan an bar mutum. Wata tsohuwa ce kawai da maƙwabta ke kira taɓaɓɓiya, da 'yarta mai hawaye kamar famfo. Na tsallaka ƙarshe. Ɗan ya dawo a babbar mota, da mata da 'ya'ya, ya durƙusa gaban uwarsa, ya zaro maɓallin daga aljihu.

Sannan na buɗe zaure, na karanta abin da kuka rubuta.

"Wace irin uwa ce wannan da ba ta da tawakkali?"

"Ita kuma 'yar ba ta da wani amfani sai kuka da karanta wa tsohuwa littafi."

"Maɓalli fa! Shekara da shekaru yana yawo da maɓalli a aljihu!" Da fuskokin dariya jere a ƙasa.

"Wanda ya bi wannan hanyar ya yi shekaru shiru ai sai dai addu'a. A daina raina mana hankali."

Wannan na ƙarshen shi ya zauna min a ƙirji. Maganar da ba wanda ya taɓa furtawa a gidanmu ce, wata da ban sani ba ta rubuta ta tana cin abincin rana, mutane suna ta danna mata alamar yabo.

Na rubuta wa Mai Jan Biro: "Ka zo shago. Yanzu."

"Lafiya dai, gimbiya?"

Na kife wayar. Ya iso da 'yar motar innarsa, ya tsaya gaban mai gyaran takalmi inda ya saba. Na ja mayafina na fita, na shiga na zauna, na ɗora masa littafin a cinya. Kallo ɗaya ya yi min ya kashe rediyo.

"Kin karanta."

"Na karanta. Koriya ce ta fi maka kyau a kan shuɗiya?"

"Auta, tsaya ki ji."

"Kar ka ce min Auta, ba a gidanku aka sa min ba."

Ya cire tabarau ya murza ido. "Inna ta daɗe ba ta iya rubuta komai ba. Ba ki gan ta ba ne. Sai ta zauna da takarda tun safe har azahar, ta tashi ba layi ɗaya. Mutane na ta kira, yaushe, yaushe. Har ta fara cewa ita ta mutu ne ba a binne ta ba. Ranar nan na kunna mata saƙonki..."

"Ka kunna mata muryata?"

"Don ta san irin gidan da zan shiga ne, wallahi ba don komai ba. Ta ji ta yi kuka. Washegari na tarar da takardu cike a tebur."

"Kai kuma ka buga."

"Aikina ne."

"Ka zauna da jan bironka kana gyara aya da waƙafi a kan uwata."

"Ba suna, ba unguwa. Ba wanda zai gane."

"Umma fa? Ita ma ba za ta gane igiyarta ba? Da hannunka ka kai mata!"

"Ai shi ya sa na sa aka canza ƙarshen." Ya juyo da sauri, har da ɗan haske a fuskarsa. "Inna kashe shi ta yi da farko, a ruwa. Na ce wallahi ba zan buga ba. Muka yi kwanaki ba ma magana. Na ce ta dawo da shi, ko a takarda ne Umma ta ji ɗanta ya shigo gida. Maɓallin ma ni na kawo shawararsa. Ga shi yanzu duniya na zagin Inna saboda ƙarshen nan, sunan da ta yi shekaru tana ginawa. Saboda ke na yi."

Yana kallona yana jiran godiya, jama'a. Godiya! Abin da ya fi ci min rai shi ne na yarda da shi. Ba mugu ba ne. Da mugu ne da na zage shi na huta. Mutum ne da ya tashi a gidan da duk abin da aka ji da kunne kayan aiki ne, har bai san akwai maganar da ake ba mutum ajiya ba. Na buɗe ƙofa na fita, na koma na yanka wa wata mata yadi a karkace har sai da mai shago ya yi min magana.

A ranar kuma muka ƙarasa tsohon littafi. Umma ta zaro sabon daga ƙarƙashin matashi.

"Umma, littafin nan fa kowa cewa yake bai yi daɗi ba."

"Su wa?"

"'Yan zaurenmu na waya."

"Su suka haife ta? Buɗe mu ji da kunnenmu."

"Kaina ke ciwo."

"Sha shayi. Buɗe."

Na buɗe. Babin farko lafiya lau, tafiyar yaro ce da sallama. Da na hango inda za a fara shanya, sai na haɗa shafuka na juya su tare, na ci gaba kamar ba komai.

"Kin haɗa takarda," in ji Umma.

"A'a, Umma."

"Ido ne ya tafi, kunne yana nan. Koma baya."

Na koma. Rigar Yaya tana rataye a gabanmu, iska na ɗan kaɗa hannayenta, lokacin kwashewa bai yi ba. Da bakina na karanta wa uwata yadda wata mata ke fitowa da safe da koriyar riga. Da bakina na ce, "Sha iska, ubangidanki yana hanya." Kofin ya tsaya a hannunta tsakanin cinya da baki. Na jira ta juyo ta tambaye ni wa na gaya wa. Na shirya ma zan durƙusa.

"Ci gaba," kawai ta ce.

Haka muka yi ta yi kowace yamma. Ba ta yi faɗa da kowa a littafin nan ba, ba ta ce in gaya wa kowa komai ba, shayin ma sai ya huce ba ta sha ba. Da muka zo inda maƙwabta ke kiran matar taɓaɓɓiya, ta ɗaga kai.

"Haka suke cewa?"

"A littafi ne, Umma."

"Na sani," ta ce, tana gyara bakin zaninta.

Da muka kusa ƙarshe na yi tunanin in ƙirƙiri nawa in karanta mata. Amma in ce me? In kashe shi da bakina? Na karanta yadda yake a rubuce. Mota ta tsaya, yaro ya shigo, ya durƙusa, ya zaro maɓalli. Wurin da duk kuka yi dariya.

Umma ta fashe da kuka mai sauti, irin wanda rabon da in ji tun shekarar da ya tafi. Na ajiye littafin na riƙe ta. Sai na ji kukan ya juye, dariya take yi, hawaye na zuba tana dariya.

"Alhamdu lillahi. Ashe ana dawowa. Auta, ashe ana dawowa!"

Ta karɓi littafin ta rungume a ƙirji ta ce wannan ya fi duk abin da matar nan ta taɓa rubutawa. A duk masu karatu, mutum ɗaya ce littafin ya gamsar, ita ce uwata. Ranar ta cinye abincinta tas har ta nemi ƙari. Ni kuwa ko loma ban iya haɗiyewa ba.

Na ɗauka a nan zai tsaya. Washegari na dawo daga shago na tarar da Goggo a baranda, Umma na ba ta labari da hannu da ƙafa.

"Zo ki ji, Auta. Na kwana ina tunani. Matar nan ba ƙirƙira ba ce."

"Wace mata?"

"Mai koriyar riga. Ba mai iya zama ya ƙago maganar maɓalli sai wanda ya gani da idonsa. Kuma ni na taɓa jin Hajiya Uwar Alƙalami a rediyo tana cewa duk labaranta daga bakin mutane take samo su. Akwai matar nan, kuma Hajiya ta san gidanta. Kin ga har maganarmu ɗaya da ita? Ciwo ɗaya ne, shi ya sa baki ya zo ɗaya."

"Umma, labari ne kawai..."

"So nake a kai ni wurin Hajiya ta haɗa ni da ita. In tambayi yaron ta wace hanya ya bi, a ina ya maƙale duk shekarun nan, me ya hana shi waya. Wa ya sani ko ya ga Yayanki a can? Ai masu tafiya suna sanin juna."

Na kalli Goggo. Goggo ta kalli ƙasa. Da na shiga kicin ta biyo ni ta tura ƙofa.

"Ke kika kai labarin, ko?"

Na gyaɗa kai.

"Baki shi ke yanka wuya. To ya riga ya faru, yanzu sai ki rufe shi. Rabon da in ga uwarki da wannan fuskar tun ubanki na da rai."

"Goggo, ƙarya ce fa. Babu wata mata."

"Ni na ce akwai? Ke ce za ki je ki gaya mata ita ce taɓaɓɓiyar da duniya ke wa dariya? Ki gaya mata surukin da take sa wa albarka shi ya kai ta kasuwa?"

"Ni na fasa auren."

"Ki fasa ki ce mata saboda me?"

Na juya na kama wanke kofunan shayi.

"Ba a rabuwa da miji a kan littafi, 'yar nan. Share hawayenki ki fito."

Gaba kura baya siyaki, jama'a. In na rabu da shi dole in faɗi dalili, dalilin kuma shi zai kashe ta. In na yi shiru, zan zauna da mutumin da duk lokacin da ya karkata kai yana saurarona zan dinga jin ƙarar kwamfuta. Kuma ina son sa har yanzu, Allah ya sani, ina jin haushin kaina amma ina son sa. Saƙonninsa suna ta shigowa ban buɗe ba, sai dai in ga farkonsu a fuskar waya. "Ki yi haƙuri." "Ko zagina ne ki yi." "Kin ci abinci?"

Na yi ta ja da Umma. Na ce Hajiya ba ta da lafiya, na ce ta yi tafiya, na ce ba ta ganin baƙi. Ashe Goggo ta ba Umma wayarta, Umma ta kira shi da kanta. Wane ne zai ce wa surukarsa a'a? Ya ce to, zai kai ta.

Yau da safe na fito na tarar Umma ta riga ni shiri. Ta sa doguwar rigarta ruwan ƙasa mai aiki a wuya, wadda ke ƙasan akwati tun bikin 'yar Goggo, har layin ninki na nan a jikinta. Ta yafa farin mayafinta mai ɗan zare a baki, ta sa kwalli a idon da ba ya gani sosai, ta shafa turaren da take ɓoyewa don baƙi. A jakarta ta sa littafin, da hoton Yaya na makaranta, da wani sabon yadi da ta sa Goggo ta sayo, wai tsarabar matar, ba a zuwa wa mutum hannu rabbana. Tana ta tambayata ko ɗaurinta ya zauna.

Wayata ta yi ƙara. Wannan karon na buɗe.

"Ina waje."

Wani ya biyo baya.

"Na gaya wa Inna komai. Ta yi kuka, ta ce ba ta taɓa tunanin haka ba. Ta ce duk abin da kika zaɓa shi za ta faɗa wa Umma. In kin ce akwai matar, za ta ce akwai, sun ƙaura ne tana neman lambarsu. In kin ce babu, za ta durƙusa ta faɗi gaskiya."

Sai na uku.

"Akwai ko babu, Auta? Ki amsa kafin mu isa."

Sun rubuta littafinsu, kun zage shi kun wuce, yanzu ni aka miƙo wa ƙarshen in rubuta. Na tsaya a tsakar gida da waya a hannu, yatsana ya ƙi motsi. Ya danna hon a hankali daga waje.

Umma ta fito tana laluben bango, ta tsaya a ƙarƙashin igiya. Rigar na hannunta, ta ninke ta rabi, ta kasa shanyawa ta kasa sawa a jaka.

"Auta, ba ni shawara. In tafi da ita in nuna wa yaron, ko zai gane ta?" Ta shafa gurbin maɓallin da babban yatsa. "Ko in bar ta a igiya? Kar Yayanki ya zo ba ma nan, ya ga igiya babu komai, ya ɗauka mun daina jiransa."